Gernot Rohr: Bajamushen da ya riƙe Nijar, ya riƙe Najeriya, ya dawo ya doke mu

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan'uwa da data ba ta bari su saurara ba.

Musu ne ya haifi shirin yau. Ranar nan muna zaune a gidan kallo nan Boɗinga, ana jiran mai gidan ya tada janareto, sai hira ta gangaro kan kociyoyin Super Eagles. Wani abokina mutumin Shagari, wanda in dai maganar ƙwallo ce ba ya raga wa kowa, ya ce: "Wanga Rohr da kuke ta yabo, mi yay yi muna? Shekara biyar, ko kofin shan shayi bai kawo ba." Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce ai ana korar shi muka rasa zuwa Ƙatar. Nan fa aka rabu gida biyu, har aka take wasa ba a daina ba.

Abin da na lura shi ne dukkanmu daga 2016 muke fara lissafin mutumin, kamar a filin jirgi aka haife shi da furfurarsa. Alhali ya zo mana yana da shekara 63, ya riga ya kwashe sama da shekara 40 a harkar. Ni a ganina, in ba ka san irin ɗan wasan da Rohr ya kasance ba, ba za ka gane abin da ya sa ya horar da Najeriya yadda ya horar da ita ba. Don haka mu koma farko.

An haifi Gernot Rohr ranar 28 ga Yuni, 1953, a Mannheim da ke Jamus ta Yamma. Gidansu gidan ƙwallo ne. Ɗan'uwan kakansa, Oskar Rohr, yana cikin waɗanda suka ci wa Bayern Munich kofin Jamus na farko a 1932, daga baya ya ƙetare zuwa Faransa ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a can a 1937. Shi ma Gernot hanyar da ya bi ke nan, Bayern sannan Faransa. Sai dai kakan ɗan gaba ne mai ci, jikan kuwa ɗan baya ne mai hana ci.

Ya shiga Bayern a 1972 yana da shekara 19. To, ku dubi gidan da yaro ya faɗa: Sepp Maier a raga, Franz Beckenbauer da Schwarzenbeck da Paul Breitner a baya, Uli Hoeness da Gerd Müller a gaba. Waɗannan su ne ƙashin bayan tawagar Jamus da ta ɗauki kofin duniya a 1974. Ina sabon yaro zai samu wuri? A shekara biyu wasa 6 kacal ya buga a gasar Bundesliga. Yana cikin tawagar da ta ɗauki kofin Jamus a 1973 da 1974 da kofin zakarun Turai na 1974, amma mafi yawa daga benci ya kalla. Ya bar nan ya koma Waldhof Mannheim, ya wuce Kickers Offenbach, sai a 1977 ya sauka Bordeaux a Faransa.

A nan ne ya zama mutum. Shekara 12 ya yi a Bordeaux, wasa sama da 350 a gasar Faransa, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1982. Sun ɗauki kofin gasar a 1984 da 1985 da 1987, da kofin ƙalubale na Faransa a 1986 da 1987. A 1985 sun kai wasan daf da ƙarshe na kofin zakarun Turai, Juventus ta Platini ta ci su 3-0 a Italiya, suka rama 2-0 a gida, ƙwallo ɗaya ta hana su. Taurarin wannan ƙungiya su ne Alain Giresse da Jean Tigana, su jaridu ke bugawa. Aikin Rohr shi ne a nuna masa ɗan wasan da ya fi haɗari a ɗaya ɓangaren, a ce kada ya sha iska. Kowa ya san irinsu ko a ƙwallon unguwa: wanda ba a tafa masa, amma ranar da bai zo ba sai an sha ruwan ƙwallaye.

Akwai kuma wanda ya horar da shi. Daga 1980 zuwa 1989 Aimé Jacquet ne kocin Bordeaux, mutumin da daga baya ya ɗaukar wa Faransa kofin duniya a 1998. A wannan gasa wasa 7 Faransa ta buga, ƙwallo 2 kawai aka zura mata. Kafin ya ɗauki kofin, jaridun ƙasarsa zaginsa suke yi cewa ƙwallonsa ba ta da armashi, taka-tsantsan ya yi yawa. Ko wannan zargi ya yi muku kama da wani da kuka sani? Shekara tara Rohr ya yi a ƙarƙashin wannan malami. Ɗan baya ne, kuma almajirin mai son a fara kulle ƙofa kafin a fita farauta.

Da ya rataye takalmi sai ya zauna a Bordeaux yana kula da makarantar yara. Sau uku ana kiransa ya riƙe babbar ƙungiya, kuma duk lokacin da za a kira shi, to gida ya kama da wuta. A 1991 an jefa Bordeaux rukuni na biyu saboda bashi, shi ya dawo da ita cikin kaka ɗaya. A farkon 1996 ƙungiyar na tangal-tangal a gasar gida, aka sallami koci, aka sake cewa Rohr zo ka riƙe.

Wannan kakar ita ce ƙololuwar aikinsa a Turai, kuma ina so matasa su ji ta da kyau, don da yawa sun ɗauka tsohon bai taɓa ganin babban wasa ba. A kwata fainal na kofin UEFA aka haɗa su da AC Milan, mai Baresi da Maldini da George Weah, wanda a lokacin shi ne gwarzon ɗan ƙwallon duniya. Milan ta ci 2-0 a gidanta. Kowa ya ce an gama. A watan Maris na 1996, a Bordeaux, yaran Rohr suka lallasa Milan 3-0, Christophe Dugarry ya ci biyu. A cikin yaran akwai Bixente Lizarazu, da wani mai shekara 23 da ake kira Zinedine Zidane. E, shi dai. Suka cire Slavia Prague, suka kai wasan ƙarshe. Wa suka tarar? Bayern Munich, kuma wanda ke zaune a bencinta a matsayin koci shi ne Beckenbauer, tsohon kyaftin ɗinsa. An dakatar da Zidane da Dugarry a wasan farko, Bayern ta ci 2-0, ta zo Bordeaux ta ƙara 3-1. Bayan nan taurarin suka watse, Zidane ya tafi Juventus, aka kawo wani koci.

Ku riƙe wannan tsarin, don zai ta dawowa: a kira shi ana cikin rikici, ya daidaita gida, ya kai ƙofar kofi, ƙofar ta ƙi buɗewa.

Shekarun da suka biyo baya zan wuce su da sauri. Ya yi Créteil da Nice a Faransa, Young Boys a Suwizalan, Ajaccio, Étoile du Sahel ta Tunisiya, sai Nantes. Babu wanda ya daɗe sosai in ban da Nice, inda ya yi daga 2002 zuwa 2005. A 2010 ya karɓi Gabon, wadda ke shirin karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 2012. Sun ci duk wasanninsu uku na rukuni, har da Nijar da suka doke 2-0. A kwata fainal Mali ta cire su a bugun fenareti, Aubameyang ne ya ɓarar. Kocin Mali kuwa Giresse ne, tsohon abokin wasansa na Bordeaux.

Daga nan ya matso kusa da mu. Mu nan jihar Sakkwato, daga Illela ka leƙa Ƙonni, Nijar gida ce, amma ban san mutum nawa a cikinmu suka san Rohr ya riƙe Mena shekara biyu kafin ya san hanyar Abuja ba. An ɗauke shi a watan Satumba na 2012, ana tsakiyar neman gurbin gasar Afirka. Gini ta ci Nijar 1-0 a Konakiri, a watan Oktoba Mena ta rama 2-0 a filin Seyni Kountché na Yamai, ta samu tikiti. A Afirka ta Kudu a 2013 Mali ta ci su 1-0 daf da tashi, suka yi canjaras babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Gana ta ci su 3-0. Wani zai raina wannan sakamako. Amma makin nan ɗaya shi ne na farko da Nijar ta taɓa samu a tarihin gasar, kuma mai tsaron raga Daouda Kassaly ya yi aiki ranar. Ba su ci ko ƙwallo ɗaya a gasar ba. Wato dai Rohr zalla: tsaro ya samu, ci ya gagara. Ya ajiye aikin a 2014, ya yi 'yan watanni a Burkina Faso a 2015.

Yanzu mu zo gida. Ba shi ne Bajamushe na farko da ya riƙe tawagarmu ba. Manfred Höner ya kai mu wasan ƙarshe na gasar Afirka a 1988, Berti Vogts ya zo a 2007 ya tafi bayan Gana ta cire mu a 2008. Amma halin da Rohr ya tarar a watan Agusta na 2016 ya fi muni. Mun ɗauki kofin Afirka a 2013 da marigayi Stephen Keshi, sai muka kasa zuwa na 2015, muka kasa zuwa na 2017. An sanar da Paul Le Guen a matsayin koci, ya ƙi zuwa. Ga rukunin neman gurbin kofin duniya: Aljeriya, Kamaru, Zambiya. Wallahi a lokacin ko ni ban sa rai ba.

Sai ga shi mun je Ndola mun ci Zambiya 2-1, mun ci Aljeriya 3-1 a Uyo, mun yi wa Kamaru 4-0 a ranar 1 ga Satumba, 2017, alhali ita ce ke riƙe da kofin Afirka. Ya rage Zambiya a Uyo, ranar 7 ga Oktoba.

Wannan wasa ba zan manta da shi ba, don akwai namu a ciki. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, wanda ya bi ta Kano Pillars ya fita waje, ya kuma ɗauko tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Rohr ya ba shi gefen dama na baya ya riƙe. Ni har kullum ina ganin tsohon ya hango kansa ne a jikin Shehu: ɗan wasa mara hayaniya, a sa shi baya ya yi, a sa shi tsakiya ya yi. Ranar gidan kallo ya cika har waje, Zambiya ta matsa mana, zufa ta ko'ina. Magariba ta kawo jiki, wasu sun fara miƙewa za su yi alwala, sai Victor Moses ya tura wa Shehu ta dama, Shehu ya kutsa ya maido ta baya, Alex Iwobi da ya shigo daga benci ya buga ta shige. Benci biyu aka karya a wurin. Mutane ba sunan Iwobi suke kira ba, "Shehu! Shehu!" kawai kake ji. Da wannan ƙwallo Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin zuwa Rasha.

Sai kuma abin takaici da ya biyo baya. A wasan Zambiya ɗin an ba Shehu katin gargaɗi, kuma yana da wani tun wasan Suwazilan na 2015. Doka ta ce kati biyu, sai ka huta wasa ɗaya. Ba a lura ba, aka sa shi a wasan ƙarshe da Aljeriya, aka tashi 1-1. FIFA ta ƙwace wasan ta ba Aljeriya 3-0, ta ci hukumar ƙwallon Najeriya tara. Allah ya taimaka mun riga mun wuce. Ku yi tunanin da makin nan muke buƙata, da sunan wa za a yi ta zagi har yau? Na yaron Sakkwato, alhali ƙidayar kati aikin masu riƙe da takardu ne.

A Rasha a 2018 Shehu ya fara wasan Kuroshiya, aka ci mu 2-0, wasa mara daɗin kallo. Rohr ya sauya tsari ya koma 'yan baya uku, Shehu ya koma benci, Ahmed Musa ya shigo ya ci Iceland biyu. Da Ajantina muna 1-1, sakamakon da zai wuce da mu, sai Marcos Rojo ya ci a minti na 86. Minti huɗu ya rage. A gasar Afirka ta 2019 a Masar Shehu ya ji rauni tun wasan farko da Burundi. Madagaska ta ba mu kunya 2-0, muka cire Kamaru 3-2, muka cire Afirka ta Kudu 2-1, sai Riyad Mahrez ya kashe mu da bugun tazara a bugun ƙarshe na wasan daf da ƙarshe. Muka ci Tunisiya muka zo na uku, Odion Ighalo ya fi kowa ci da ƙwallo 5. Ƙofar kofi ke nan kuma, ta ƙi buɗewa.

To, ina gaskiyar abokina na Shagari? Tana nan, kuma ba kaɗan ba. Garinsu ma yana da bakin magana a kan kofi, don ɗan garinsu, Shugaba Shehu Shagari, shi ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka na farko da Najeriya ta ɗauka a Legas a 1980. Wanda ya tashi da wannan labari ba za ka lallashe shi da tagulla ba.

Abu na farko, Rohr bai yarda da gasar cikin gida ba. A tawagar Rasha ɗan wasa ɗaya ne ke buga gasar Najeriya, mai tsaron raga Ikechukwu Ezenwa. Idonsa yana Turai, musamman kan yaran da aka haifa a can, irin su Ola Aina da Joe Aribo da Maduka Okoye. Yaran sun iya, ban musa ba. Amma ka dubi abin daga nan. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare a Sifawa, burinsa ya kai filin Giginya, daga nan Pillars ko Katsina United, daga nan a gan shi. Hanyar da Shehu ya bi ke nan, kuma Keshi ne ya fara kiransa tun yana wasa a gida. A zamanin Rohr wannan tsani ya kusa karyewa. Da Shehu bai riga ya fita waje ba, anya da Rohr ya kalle shi? Ni dai ina shakka.

Abu na biyu, yana da 'yan gaba irin su Osimhen da Chukwueze da Iheanacho, amma sau da yawa yana buga wasa kamar har yanzu Mena yake riƙe da ita. Mai kayan marmari a hannu yana dafa tuwo gaya. Ga jinkirin canji, sai wasa ya lalace sannan ya waiwayi benci. Kuma daga ƙarshe tsaron ma da ake yabonsa da shi ya zube. A watan Nuwamba na 2020, a birnin Benin na jihar Edo, muna cin Saliyo 4-0 cikin rabin awa, aka tashi 4-4. A watan Oktoba na 2021 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo Legas ta ci mu 1-0. In mai gadi ya fara barci, me ya rage a aikinsa?

Inda na rabu da abokina shi ne kan lokacin korar. Rohr bai taɓa faɗuwa a neman gurbi da Najeriya ba. Ya kai mu Rasha, ya kai mu Masar, ya samo tikitin gasar Afirka ta Kamaru, ya kai mu zagayen ƙarshe na neman zuwa Ƙatar. In za a rabu da shi, bayan 4-4 ɗin nan ya kamata, a ba sabon koci shekara guda ya gina nasa. Sai aka bari har ranar 12 ga Disamba, 2021, mako huɗu kafin gasar, aka sallame shi bayan shekara 5 da wata 4. Augustine Eguavoen ya karɓa, ya ci wasa uku na rukuni a Garwa da ƙwallo mai daɗi, muka ce alhamdulillahi an rabu da ƙaya. Tunisiya ta cire mu 1-0 a zagaye na gaba. A watan Maris na 2022 muka yi 0-0 da Gana a Kumasi, 1-1 a Abuja, suka wuce da ƙwallon waje. Irin wasan da ake buƙatar mai kulle ƙofa ke nan. Ba na cewa da yana nan dole mu wuce, Allah kaɗai ya san wannan. Amma irin jarabawar da bai taɓa faɗi da Najeriya ba ce. Shi kuma ya kai ƙara FIFA, aka umarci a biya shi diyyar kusan dala dubu 380.

A 2023 Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi, kuma ƙaddara ta haɗa mu rukuni ɗaya a neman gurbin kofin duniya na 2026. Ranar 10 ga Yuni, 2024, a Abijan, inda Benin ke buga wasanninta na gida, mu muka fara ci, suka farke suka ƙara, aka tashi 2-1. Bayan wasan Finidi George ya ajiye aiki. Tsoho mai shekara 70, da 'yan wasan da yawancinmu ba mu san sunansu ba, ya doke yaran da shi ya fara kira. Har zuwa ranar ƙarshe Benin ce ke saman rukunin, saura taki ɗaya ta je kofin duniya karon farko a tarihinta. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, suka zo Uyo, filin da Iwobi ya ci Zambiya. Najeriya ta ci 4-0, Afirka ta Kudu ta wuce da tikitin. Uku daga cikin ƙwallayen Victor Osimhen ne ya ci, yaron da Rohr ya fara sa wa rigar Super Eagles a 2017.

Na karanta wa abokina wannan duka kafin in ɗauki shirin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "To, kofin fa?" Ku ajiye naku ra'ayin a ƙasa, musamman 'yan'uwa na Nijar da suka kalli wasan Gini a Yamai, ina son jin yadda garin ya kwana ranar. Sai mun haɗu a shiri na gaba.